Dakarun Gari a Zane-zanen Ƙasar Holan

A birnin Amstadam na ƙasar Holan akwai wani babban gidan adana kayan tarihi da ake kira Rijksmuseum, wanda aka buɗe gininsa a shekarar 1885. Magininsa, Pierre Cuypers, ya shimfiɗa wani dogon zaure a bene, ya sa ƙarshen zauren ya tuƙe a kan hoto guda ɗaya, ta yadda duk wanda ya shigo idonsa zai fara sauka a kansa tun daga nesa. Hoton nan shi ne wanda Rembrant ya gama zanawa a 1642, wanda duniya ta sani da sunan Sintirin Dare. Tsayinsa ya kusa mita 4, faɗinsa kuwa kamar mita 4 da rabi. Babu sarki a cikinsa, babu waliyyi, babu kuma wani fagen fama da aka ci nasara. Mutanen da ke ciki 'yan kasuwa ne na wata unguwa, da yawansu masu sayar da yadi, sun saɓa bindigogi da masu, shugabansu ya miƙa hannu yana ba da umurnin a tashi. Abin bincike a nan shi ne yadda aka yi hoton attajiran unguwa ya sami gurbin da wata al'umma za ta keɓe wa sarkinta, da kuma ko zaman lafiya da tsarin da irin waɗannan hotuna ke nunawa sun yi daidai da abin da tarihi ya rubuta game da mutanen da aka zana.

Tun a ƙarni na 14 garuruwan wannan yanki suka fara kafa ƙungiyoyin da suke kira schutters, watau maharba. Gari mai ganuwa a wancan zamani ba shi da 'yan sanda irin na yau, ba shi kuma da soja na dindindin, saboda haka tsaron ƙofofi da yawon sintiri da dare da kwantar da tarzoma da taimako in gobara ta tashi duk suna wuyan mazauna garin ne. A Amstadam ƙungiyoyin uku ne: masu dogon baka, masu baka mai kunama, da kuma masu bindiga mai lagwani, waɗanda ake kira kloveniers. Kowace tana da gidanta mai filin koyon harbi, da zauren taro, da kayan azurfa na shagali. Sau ɗaya a shekara akan kafa gunkin aku na itace a kan dogon sanda a yi gasar harbinsa, wanda ya kakkaɓo shi a naɗa shi sarkin maharba na shekarar. Shiga ƙungiyar kuwa tana da sharaɗin da ya tace mutane tun daga bakin ƙofa, domin kowa shi zai sayi makaminsa da sulkensa. Lebura da ɗan dako da matuƙin jirgin ruwa ba su da wannan hali. Ashe tun daga tushe, masu tsaron gari su ne waɗanda suke da abin da za a tsare.

Hoto mafi tsufa na maharban Amstadam da ya rage har yanzu shi ne wanda Dirck Jacobsz ya zana a 1529. Mutane ne a jere sahu-sahu, kawuna kusan a layi ɗaya, kowa da baƙar riga da hula, kowa yana duban mai kallo. A 1533 Cornelis Anthonisz ya zana wasu suna kewaye da teburin cin abinci, a 1588 kuma Cornelis Ketel ya zana wata runduna a tsaye tun daga kai har ƙafa. Hotunan farko ba su da daɗin kallo sosai, amma dalilin wannan jeri a fili yake. Kowane mutum shi ya biya kuɗin fuskarsa, saboda haka kowa yana so a gan shi sarai, kada kafaɗar maƙwabcinsa ta tare shi.

Tsakanin hoton 1533 da na 1588 ƙasar ta juye. Sarkin Sifen, Filibus na Biyu, shi ke mulkin waɗannan larduna, kuma rikicin addini da na haraji ya yi ta tsananta. A 1566 masu bin sabon tafarkin Furotesta suka auka wa majami'u suna farfasa gumaka da hotuna. A garuruwa da dama hukuma ta kira maharba su hana, suka noƙe, suka ce ba za su ɗaga makami a kan 'yan garinsu saboda limaman majami'a ba. Wannan ne karo na farko da ya bayyana ƙarara cewa biyayyar dakarun gari ga masu mulki tana da iyaka. A watan Disamba na 1572, lokacin da rundunar Sifen ta doso Harlam kuma wasu daga cikin manyan garin suka nemi sulhu, a gidan maharba ne Wigbolt Ripperda ya tara jama'a ya shawo kansu a kan a yi tsayin daka. Aka yi wata 7 ana kewaye da garin, yunwa ta ci ƙarfinsa, ya miƙa wuya a watan Yuli na 1573. Aka karkashe sojojin da suka kare shi, kimanin mutum 2,000, aka fille kan Ripperda. A Amstadam kuwa, wadda ta daɗe tana bayan Sifen, a watan Mayu na 1578 aka kori majalisar gari ta 'yan Katolika, aka ɗora su a jirgin ruwa aka fitar da su, kuma wakilan maharba ne suka zaɓi sabuwar majalisa.

Sababbin masu mulki sun ga abin da ya sami na gabansu, ba su kuwa manta ba. Aka sake tsarin ƙungiyoyin, aka mai da su rundunonin unguwa-unguwa, kowace da kyaftin da laftanan da mai tuta da sajoji, manyan muƙaman kuma suka koma hannun gidajen da ke riƙe da majalisar gari. A 1581 majalisar lardin Holan ta kafa doka cewa kada hukumar wani gari ta ƙara neman shawarar maharba ko ƙungiyoyin masu sana'a a kan al'amuran mulki. Yaƙin kansa ya koma hannun sojan haya da ake biya albashi, fagen fama kuma ya yi nisa zuwa kan iyakoki na kudu da gabas. Jefi-jefi akan tura dakarun gari su riƙe wani garin kan iyaka na 'yan makonni don sojan gaske su sami sararin fita, kamar yadda na Amstadam suka je Zwolle a 1622. Ban da wannan, aikinsu ya tsaya ga gadin ƙofa, da sintiri, da rakiyar manyan baƙi. A daidai wannan lokaci, da aka rage musu murya a siyasa, yaƙi kuma ya bar ƙofarsu, hotunansu suka fi girma, suka fi tsada, suka kuma fi kyau. Akwai wani dalili kuma: majami'un Furotesta ba sa karɓar hotuna, sarki kuwa babu, saboda haka babban aikin da mai zane zai samu a Holan bai wuce bangon zauren maharba ko na wata hukumar gari ba.

A Harlam, Frans Hals shi ya busa wa wannan fanni rai. Shi kansa ɗan rundunar Waliyyi Jojis ne na garin, ya yi shekaru yana cikinta, ya san mutanen da yake zanawa. Hafsoshin Harlam shekara 3 suke yi a kan muƙami, in wa'adinsu ya cika a yi musu walima, kuma walimar nan ce Hals ya zana a 1616, ya sake zana irinta sau biyu a 1627. Fuskoki sun yi ja, wani yana yanka nama, wani ya juya kofinsa ƙasa don a ga ya shanye, wani ya waiwayo kamar an kira sunansa. Amma duk da wannan annashuwa, matsayi bai ɓace ba. Kanar yana kan teburi daga sama, kyaftin-kyaftin a kusa da shi, laftanoni can ƙasa, masu tuta a tsaye cikin kayan alharini. Mai tuta dole ya kasance saurayi marar aure, domin shi ne abokan gaba suka fi hari a wurin yaƙi, kuma galibi ɗan gidan masu hali ne, shi ya sa tufafinsa suka fi na kowa ƙyalli. Game da walimar kuwa, an tabbatar da cewa a 1621 hukumar Harlam ta ga abin ya wuce gona da iri, ta yanke cewa kada shagalin ya ƙara wuce kwana 3, ko 4 in ya yi yawa. Mai karatu zai iya auna yadda yake kafin dokar.

Sha'anin kuɗi bai taɓa yin nisa da waɗannan hotuna ba. A 1633 wata rundunar Amstadam ƙarƙashin Kyaftin Reinier Reael ta ba Hals aiki a kan gilda 60 kowane mutum. Shekara 3 aikin bai ƙare ba. Su suna cewa ya zo Amstadam ya ƙarasa, shi yana cewa su zo Harlam ya zana su, aka yi ta aike-aike ta hannun akawun shari'a, har suka ƙara masa kuɗi zuwa 66, bai zo ba. Daga ƙarshe Pieter Codde ya kammala hoton a 1637.

Hoton Rembrant ya fito ne daga wani babban shiri. 'Yan bindigar Amstadam sun gina sabon zaure a gidansu da ke bakin kogin Amstel, suka ba masu zane dabam-dabam aikin cika bangayensa da manyan hotuna, cikinsu har da Jacob Backer da Govert Flinck da Bartholomeus van der Helst. Rembrant ya sami rundunar unguwa ta 2, wadda Frans Banninck Cocq ke kyaftin, Willem van Ruytenburch kuma laftanan. A 1659 biyu daga cikin mutanen da aka zana sun ba da shaida a gaban akawun shari'a cewa mutum 16 ne suka biya, kowa kimanin gilda 100, wani ya ɗara wani ya gaza gwargwadon gurbinsa a hoton, jimla 1,600. Ƙwararren ma'aikaci a lokacin yakan sami kamar gilda 1 a yini, watau kuɗin fuska ɗaya ya kai ladan wata 4 na kafinta.

Abin da Rembrant ya yi dabam shi ne ya fasa sahu, ya fasa teburi, ya zana lokacin da umurni ya fito amma bai gama isa ga kowa ba. Kyaftin cikin baƙaƙen kaya da jan ɗamara ya tako gaba, bakinsa a buɗe, inuwar hannunsa ta faɗa a kan rigar laftanan mai ruwan zinariya. Mai ganga ya fara kiɗa, kare yana haushi, mai tuta ya ɗaga tuta, masu sun karkata kowanne ta nasa gefen. Mutum uku suna nuna matakan sarrafa bindiga: ɗaya cikin jajayen kaya yana ɗura albarushi, ɗaya yana harbi daga bayan kyaftin, ɗaya yana hure ragowar albarushi daga kaskon bindiga. A tsakiyarsu ga wata yarinya da haske ya lulluɓe, da mushen kaza a rataye a ƙugunta ƙafafu a sama, kuma faratan tsuntsu su ne tambarin ƙungiyar 'yan bindiga. Ya ƙara mutane da yawa waɗanda ba su biya ko anini ba, har adadin ya kai 34. Wasu suna sanye da kwalkwali irin na zamanin kakanninsu, waɗanda ba wanda ke fita da su a 1642. Daga nan za a gane cewa bai nufi ba da rahoton wata rana takamaimai ba. Ya zana rundunar ne yadda take son ta tuna da kanta, magajiyar mutanen 1572 da 1578, a shirye ko da yaushe, tarin jama'a da kalma ɗaya daga bakin shugaba za ta mai da su sahu.

Akwai labarin da ya yaɗu cewa masu hoton sun ƙi shi, wai daga nan ne arzikin Rembrant ya fara karyewa. Takardu ba su goyi bayan wannan ba. An biya shi, an rataye hoton a zauren ya yi fiye da shekara 70 a wurin, Banninck Cocq kuma ya sa an yi masa ƙaramin kwafi a kundin gidansu. Almajirin Rembrant, Samuel van Hoogstraten, ya rubuta a 1678 cewa hoton zai fi abokan zamansa daɗewa, ko da yake ya so a ce malaminsa ya ƙara masa haske. Sunan Sintirin Dare ma kuskure ne da ya shigo wajen ƙarshen ƙarni na 18, bayan man ƙyallin da ake shafa wa hoto ya yi duhu da datti. Da rana abin yake faruwa.

A wannan zaure dai, hoton van der Helst na rundunar Kyaftin Roelof Bicker yana ɗauke da wani abu da aka daɗe ana wucewa ba a tsaya a kansa ba. A tsakiyar attajiran akwai wani yaro baƙar fata cikin jan mayafi, bara ne, ba a rubuta sunansa ba. Kamfanin Holan na Indiya ta Yamma, wanda aka kafa a 1621, ya ƙwace ganuwar Elmina da ke gaɓar ƙasar Gana ta yanzu daga hannun Fotugal a 1637, daga nan kuma cinikin bayi zuwa gonakin rake na Birazil ya ƙaru a hannun Holan. Gidajen da ke ba da hafsoshin maharba su ne ke ba da shugabannin kamfanonin nan. Dukiyar da dakarun gari ke gadi da dare, wani kashi nata daga can ya fito.

A 1648 aka ƙulla sulhun Munsta, Sifen ta amince da 'yancin Holan bayan shekara 80 ana yaƙi. Van der Helst ya zana walimar da masu baka mai kunama suka yi a ranar 18 ga Yuni ta shekarar. Kyaftin Cornelis Witsen, wanda shi ma yana cikin shugabannin kamfanin Indiya ta Yamma, yana riƙe da ƙahon sha na azurfa, yana musafaha da laftanansa, ganga kuwa an ajiye ta a ƙasa. Bayan wannan fannin ya yi sanyi a Amstadam. Bangaye sun cika, yaƙi ya ƙare, manya kuma suka fi son a zana su a matsayin masu kula da gidan marayu ko asibiti ko wata hukumar ciniki. Hotunan maharba da suka rage a ƙasar a yau sun haura 100.

Su dakarun kansu ba su ƙare da hotunansu ba, kuma abin da suka yi daga baya ya kamata a ajiye shi kusa da hotunan. A 1650 Yarima Wiliyam na Biyu ya aika da runduna don ta mamaye Amstadam ba zato, labari ya riga ta isa, aka rufe ƙofofi, dakarun gari suka hau ganuwa, yunƙurin ya ci tura. A nan sun yi abin da hoto ya yi alkawari. A 1672 kuwa, shekarar da Faransa da Ingila suka auka wa Holan a lokaci guda, jama'a suka ɗora laifin a kan Johan de Witt, wanda ya yi kusan shekara 20 yana jan ragamar mulki. Ran 20 ga Agusta ya je kurkukun birnin Heg wurin ɗan'uwansa Cornelis, taro ya kewaye ginin. Aka ba sojan doki da ke tare taron umurnin su janye. Maharban Heg, waɗanda aka kira don su tsare wurin, su ne suka fasa ƙofa, suka jawo 'yan'uwan biyu waje, aka kashe su, aka rataye gawarwakinsu aka yi musu kaca-kaca. Ba wanda aka gurfanar a gaban shari'a. Akwai hoton gawarwakin da ake jingina wa Jan de Baen, yana nan a Rijksmuseum, gini ɗaya da Sintirin Dare, amma ba a gina masa zaure ba. A 1748, da talakawan Amstadam suka tashi a kan masu kwangilar karɓar haraji, dakarun gari da fari sun ƙi kare gidajen masu kwangilar. Da abin ya fara shafar sauran masu dukiya suka fito, kuma ranar da ake rataye jagororin tarzomar a dandalin Dam suka yi harbi cikin taro, mutane da dama suka mutu a turmutsutsu. Ƙungiyar ta ci gaba da wanzuwa tana raguwa har dokar 1901 ta yanke a rushe ta, aka gama rushewar a 1907.

Ɗaukakar hoton Rembrant a matsayin tambarin ƙasa aikin ƙarni na 19 ne. A 1830 Beljiyam ta ɓalle daga Holan, ta tafi da Rubens a matsayin gwarzon zanenta. Holan, wadda ta zama ƙaramar ƙasa mai waiwayen zamanin ƙarfinta, ta ɗauki Rembrant. Aka kafa masa mutum-mutumi a Amstadam a 1852, sa'an nan aka gina wa hotonsa zauren da aka ambata. Abin da 'yan Holan na lokacin suke so su gani a ciki shi ne al'umma ta 'yan gari masu hankali da riƙon amana, masu tsare kansu da kansu ba tare da sarki ya tilasta su ba. Zancen wanda aka hana shiga, da zancen 1672, ba sa cikin hoton, saboda haka ba su dami mai kallo ba.

Hoton masu tsaro shi kansa ya sha neman mai tsaronsa. A 1939, da yaƙi ya ƙarato, aka fitar da shi daga Amstadam, aka yi ta sauya masa maɓoya, daga baya aka naɗe shi kamar tabarma aka ajiye a wani kogo kusa da Maastricht har 1945. A 1911 wani ya kai masa sara da wuƙa. A 1975 wani ya yayyanka shi da wuƙar burodi, aka yi watanni ana ɗinki. A 1990 wani ya fesa masa ruwan guba mai ƙuna, masu gadi suka yi maza suka wanke da ruwa, ɓarnar ta tsaya a kan man ƙyalli. Amma asarar da ba ta gyaru ba hukumar gari ce ta yi ta da hannunta. A 1715 aka ɗauke hoton daga gidan 'yan bindiga zuwa fadar majalisar gari, aka tarar ya fi ƙarfin gurbin da aka tanada masa tsakanin ƙofofi biyu, sai aka datse shi ta kowane gefe huɗu, mafi yawa daga hagu. Guntayen ba a sake ganinsu ba. An san abin da ke jikinsu ne ta wani ƙaramin kwafi da Gerrit Lundens ya yi tun a ƙarni na 17, wanda ya nuna cewa da fari kyaftin da laftanan ba a tsakiya suke ba, suna dama kaɗan, suna tahowa zuwa wani fili da ke gabansu. A 2021 masu binciken gidan tarihin suka yi amfani da kwafin Lundens da kwamfuta suka sake ƙera ɓangarorin da suka ɓace, suka jingina su a gefunan hoton na 'yan watanni. A ɓangaren hagu aka sake ganin mutum biyu da wani ƙaramin yaro waɗanda almakashin 1715 ya fitar daga rundunar.